Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Ake Auna Kajinmu na Hausa

A wannan fitowar, shafinmu na noma da kiwo ya leƙa akurki. Da wuya a sami gida a Wagini da ƙauyukan da ke kewaye da ita wanda babu kaza ko guda a cikinsa. Wata ta inna ce, wata ta goggo ce, wata kuma kaka ce ta ba jikanta don ya fara abin kansa. Mun saba da su har ba ma tsayawa mu dube su da kyau. Amma da za a tambaye ka a cikin aji: tsakanin kaza mai gashi lufluf, da fingi, da mai wuya ba gashi, da kazar Fulani, wacce ta fi girma, kuma da me ta fi? Za ka ba da amsa nan take, abokin zamanka ma ya ba da tasa, a yi ta musu har a kaɗa ƙararrawa. Abin da ke raba irin wannan gardama shi ne awo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne ya san ƙima, sai dai ƙima ba ta shiga littafi, kuma ƙimar wani ba ta zama ta wani.

Me ya sa za a auna kaza?

Kowa a nan ya san halin da yankinmu na Batsari da Safana ya shiga a shekarun nan saboda ɓarayin daji. Gidaje da yawa da ke da garken shanu a da, yau babu ko ɗan maraƙi. Awaki da tumaki ma sun ragu. Abin da ya rage a hannun talaka, musamman iyayenmu mata, shi ne kaji. Kaza ce kuɗin magani idan yaro ya kwanta, ita ce kuɗin littafi da na jarrabawa, ita ce abin fita kunyar baƙo, ita ce miyar sallah. Dukiyar da ta kai wannan matsayi ta cancanci a san ta ciki da waje.

Ga kuma wani abu da ke faruwa a gidajenmu ba tare da an lura ba. Idan buƙata ta taso, wane zakara ake kamawa a kai kasuwa? Babban. Idan baƙo ya zo, wane ake yankawa? Mai ƙiba. Wanda ake bari a gida yana bin kaji shi ne ɗan tsamurmurin da ba wanda ya taya. Shi ne zai zama uban 'yan tsakin baɗi. Shekara bayan shekara muna cinye masu kyau, muna barin na baya su yi iri, sannan mu dawo muna cewa kajin yanzu ba su kai na da ba. Manomi ba ya haka da gero. Tun a gona yake ware manyan zangarniya ya ɗaure su daban don iri. Awo shi ne hanyar ware zangarniyar iri a cikin kaji.

Ire-iren kajin da muke da su

Masana sun nuna cewa kajin duniya gaba ɗaya sun samo asali ne daga wata jar kazar daji da har yanzu ke rayuwa a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya. Daga can aka yi ta yaɗa su har suka iso ƙasar Hausa, suka daɗe suna fama da zafinmu da hunturunmu da cututtukanmu har suka saba. Waɗannan su ne muke kira kajin Hausa ko kajin gida.

Idan aka dubi gashi da ƙira, akwai kashi huɗu da aka fi gani. Na farko masu gashi lufluf a kwance, su ne mafi yawa a kowane gari. Na biyu fingi, wadda gashinta ke murɗewa ya juyo sama kamar an yamutsa ta. Na uku mai wuya ba gashi, wadda yara kan zata ciwo ne ya cinye mata gashin, alhali haka aka halicce ta. Na huɗu durgu, mai gajerun ƙafafu, tana tafiya kamar cikinta zai taɓa ƙasa.

Masu bincike a jami'o'in Najeriya suna kuma raba kajin ƙasar nan ta fuskar inda suke rayuwa. Akwai kajin Fulani da ake samu a rugage, waɗanda aka san su da tsawo da nauyi, akwai kuma ƙananan kajin yankin kurmi na kudu, waɗanda ba su kai su ba. Mu da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ba baƙi ba ne ga kazar Fulani. Wani abin lura shi ne, kazar ruga tana samun ƙwari da tsutsa a cikin kashin shanu da ragowar hatsi fiye da ta cikin gari. To girman nata na jini ne, ko na abinci ne, ko duka biyun? Wannan tambaya ce ta sa masana ke tara ire-iren kaji wuri guda, su ba su abinci iri ɗaya, sannan su auna.

Gaɓoɓin da ake aunawa

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jagora a shekarar 2012 kan yadda ake bayyana siffofin dabbobin gida, domin mai awo a Katsina da mai awo a Habasha su yi aiki iri ɗaya, a iya kwatanta sakamakonsu. Kayan aikin ba su da tsada: tef ɗin awo irin na tela, rula, sikelin ratayawa, buhu ko jaka, da littafi da biro. Ga gaɓoɓin da aka fi aunawa:

1. Nauyi. A sa kazar cikin jaka a rataya a sikeli, sannan a cire nauyin jakar. A auna da safe kafin ta ci, domin maƙoshin da ya cika da tsaki yana ƙara nauyin da ba nata ba.

2. Tsawon jiki. A miƙar da kazar a hankali, a auna daga tsinin baki zuwa gindin wutsiya. Ba a haɗawa da gashin wutsiya, in ba haka ba kowane zakara zai cinye gasar da gashi kawai.

3. Kewayen ƙirji. A zagaya tef ta ƙarƙashin fukafukai, a wurin da ƙirjin ya fi cika. Tef ɗin ya kwanta a jiki, kada a matse, kada kuma a bar shi sako-sako a kan gashi.

4. Tsawon ƙwauri. Wato wurin nan mai ɓawo-ɓawo da babu gashi, daga gaɓar sama zuwa inda yatsu suka fara.

5. Tsawon ƙashin ƙirji. Ana lalubo shi da yatsa daga farkonsa zuwa ƙarshensa. A gefensa biyu ne tsokar ƙirji ke kwanciya.

6. Faɗin fukafukai. A buɗe su duka biyu a auna daga wannan ƙarshe zuwa wancan ta kan gadon baya.

Bayan waɗannan, ana rubuta launin gashi, launin ƙafa, ƙirar zankon kai, da ko mace ce ko namiji, da kimanin watanninta.

Abin da kowane awo ke faɗa

Kowace gaɓa da labarin da take bayarwa. Ƙwauri ƙashi ne zalla da jijiya, ba ya ƙiba ba ya ramewa. Ƙashi kuma yana riga nama gama girma. Saboda haka tsawon ƙwauri yana nuna girman ginin da kazar ke da shi, ko ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba. Kewayen ƙirji kuwa yana tafiya da nama: idan kaza ta sami abinci ya ƙaru, idan ta yi ciwo ko ta daɗe a kwanci ya ragu. Idan ka ga zakara mai dogon ƙwauri amma ƙirjinsa kamar wuƙa, to ɗaki ne babba da ba a zuba masa kaya ba. Ko dai yunwa ce, ko tsutsar ciki, ko kuwa bai gama girma ba. Wanda ake nema don iri shi ne wanda ya haɗa biyun, ga gini ga cika.

A yawancin binciken da aka yi kan kajin gida, an ga cewa kewayen ƙirji da tsawon jiki suna tafiya tare da nauyi: in sun ƙaru, nauyi ya ƙaru. Amfanin wannan a ƙauye babba ne, domin ba kowane gida ke da sikeli ba, amma tef ɗin tela ba ya wuyar samu. 'Yan ajin lissafi ga naku: nauyi yana bin tsawo da faɗi da kauri ne gaba ɗaya. Idan kaza ta fi 'yar uwarta da kashi 10 cikin 100 a kowane ɓangare, sai a ce 1.1 sau 1.1 sau 1.1, a sami 1.33. Ma'ana ta fi ta nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa ɗan bambancin da ido ke rainawa a tef yake zama babba a sikeli, kuma babba a wajen ciniki.

Game da nauyi, kajin gida ƙanana ne idan aka gwada su da na gidan gona. Macen da ta gama girma takan kama daga kusan kilo 1 zuwa kilo 1.5, zakara kuma yakan fi haka, wani ya doshi kilo 2. A kowane iri, zakara ya fi mace nauyi da tsawon ƙwauri. Kazar turawa ta nama kuwa tana kai kilo 2 cikin mako 6 zuwa 7. Ta fuskar ƙwai, kazar gida da ke kiwon kanta takan yi 40 zuwa 60 a shekara, a zubi uku ko huɗu, domin duk ta yi goma sha wani abu sai ta hau kwanci na kwana 21, sannan ta shafe makonni tana jan 'yan tsaki. Kazar ƙwai ta gidan gona, da ba ta kwanci, tana haura 250 a shekara.

Sirrin fingi da mai wuya ba gashi

Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce to ai kajinmu ba su da amfani. Kada a yi saurin yanke hukunci. Zafin jikin kaza yana kusan digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ta yin gumi kamar mutum. Idan zafi ya dame ta, sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci. In ta rage ci, girma ya tsaya, ƙwai ya ragu. A nan yankinmu kuwa, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin rana kan kai digiri 40 har ya wuce.

A nan ne mai wuya ba gashi ke da riba. Ba wuyan kaɗai ba ne, gashin jikinta gaba ɗaya ya gaza na sauran da kimanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa kashi biyu cikin biyar, don haka zafi na fita daga jikinta da sauƙi. Gashi kuma da sinadarin gina jiki ake yin sa, irin wanda ake yin nama da shi, saboda haka abin da ba ta kashe a gashi ba yana iya tafiya wajen tsoka. Ita ma fingi, murɗewar gashinta na barin iska ta ratsa har fata. Duka siffofin biyu gado ne mai rinjaye: ko daga uwa kaɗai ko daga uba kaɗai ɗan tsako ya gaje su, suna bayyana a jikinsa. Amma kowace riba da kuɗinta. Rigar da ta yi daɗi a bazara ita ce ke ba da wahala a hunturu da lokacin ruwan sama, musamman ga 'yan tsaki. Fingi kuma ba ta iya tashi sosai, ga shi hawa bishiya ko katanga na cikin hanyoyin da kaza ke tsere wa kare da muzuru.

Abin takaici, waɗannan ire-iren biyu su ne mafi ƙaranci a garuruwa da yawa, saboda wasu na ƙyamar kamanninsu, wasu kuma na danganta su da camfi. Mai ilimi ba ya hukunta kaza da kyan gashi.

Kurakuran da ke ɓata awo

Na farko, gwada kajin da ba sa'o'in juna ba. Sagara mai wata biyar ba a gwada ta da uwar da ta yi ƙyanƙyasa uku. Na biyu, haɗa zakaru da mata a lissafi ɗaya. Na uku, gwada kazar da ake watsa wa dawa safe da yamma da wadda ke yini a bola. Na huɗu, canja mai awo a tsakiyar aiki, domin wani na matse tef, wani na sassautawa. Na biyar, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne yanke hukunci da kaza ɗaya ko biyu.

Ga misali, alƙaluman na koyon lissafi ne kawai. A ce an auna mata biyar masu gashi lufluf aka sami kilo 1.0, 1.2, 1.1, 1.3 da 0.9. Jimla 5.5, a raba da 5, matsakaici kilo 1.1. Aka auna biyar masu wuya ba gashi aka sami 1.4, 0.9, 1.1, 1.3 da 1.3. Jimla 6.0, matsakaici kilo 1.2. Za ka ce na biyu sun fi? Tsaya tukuna. Tazarar da ke tsakanin rukunin biyu giram 100 ce kacal. Amma a cikin rukuni na farko kaɗai, babba ta fi ƙarama da giram 400, a na biyu kuma da giram 500. Bambancin cikin gida ya fi na waje. Da an kama wasu biyar daban, sakamakon na iya juyewa. Shi ya sa masu bincike ke auna kaji da yawa daga gidaje da garuruwa daban-daban kafin su buɗe baki.

Akwai kuma darasi na biyu a cikin misalin nan. Tunda a iri guda ma ana samun mai kilo 0.9 da mai kilo 1.3, ashe ba sai ka je nesa neman sabon iri ba. Abin gyaran yana cikin akurkinku.

Ina ake wannan aiki a ƙasarmu?

Ba wasan yara ba ne, sana'ar manyan masana ce. A Shika kusa da Zariya akwai Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wato NAPRI, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ita ce ta samar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown bayan shekaru ana zaɓe da awo. A Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abekuta, Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta jagoranci aikin da ya haifar da kazar FUNAAB Alpha, wadda aka gina a kan jinin kajin gida, har da fingi da mai wuya ba gashi, aka kuma yi mata rajista a 2018. Akwai Noiler da yanzu ta cika kasuwanninmu, wadda wani kamfani a jihar Oyo ya samar. A wani shiri na Cibiyar Binciken Dabbobi ta Duniya, ILRI, da ya gudana a Najeriya da Habasha da Tanzaniya, an raba wa manoma a jihohi biyar na ƙasar nan, ciki har da Kebbi, ire-iren kaji shida don a ga yadda za su yi a hannun mutanen karkara, kuma kazar Fulani na cikin shidan. Kusa da mu ma, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011 tana koyar da aikin gona da kiwo. Duk wanda ke sha'awar wannan fanni a cikinmu, hanyar ba ta da nisa.

Abin da tef ba ya aunawa

Kazar Hausa tana neman abincinta da kanta, ta tono gara, ta tsinci tsaba. Tana kwanci ta ƙyanƙyashe ba tare da inji ko lantarki ba. In ta hangi inuwar shirwa, ƙara ɗaya za ta yi 'yan tsaki su ɓace. Namanta kuma kowa ya san ya fi ɗanɗano, shi ya sa masu saye ke neman ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai fito a sikeli. Don haka wanda zai kawo baƙon zakara cikin kajinsa ya yi tunani: 'ya'yan na iya fin girma, amma za su buƙaci ƙarin abinci da kulawa, kuma ba lallai matan su riƙe kwanci kamar iyayensu ba.

Sannan duk kyan irin da ka zaɓa, annobar kaji da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda ta fi tsananta da hunturu, tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani, sai rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin sa. A tuntuɓi ma'aikatan dabbobi kafin sanyi ya shigo. Wannan ya shafi masu awo kai tsaye: kada a taɓa kaza marar lafiya, kada a shiga gidan da kaji ke mutuwa, a wanke hannu da sabulu, a goge tef, kuma kada a yi yawo da jaka ɗaya daga gida zuwa gida, don kada mu zama mu ne masu raba cutar.

Aikin da muke ba ku

Kowane ɗalibi ya nemi izinin mai kajin a gidansu, domin kaza da mai ita. A kama su da asuba tun suna akurki, ba tare da guje-guje ba. Mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya auna, ɗaya ya rubuta. A auna manya kaɗai, a rubuta irin gashi, mace ko namiji, kewayen ƙirji, tsawon ƙwauri da tsawon jiki a santimita, da nauyi ga mai sikeli. A kawo wa ƙungiyarmu takardun. Idan ɗalibai 40 suka kawo awon kaji 5 kowannensu, mun sami 200, adadin da ya isa a fara magana. Muna roƙon malamanmu na aikin gona da na lissafi su taimaka mana wajen fitar da matsakaici, mu kuma mu liƙa sakamakon a wannan allo.

Kafin nan, ga saƙon da za ku kai gida. Idan aka tashi kama zakaran kasuwa, ku roƙi inna ta bar wanda ya fi cikar ƙirji da ƙarfin ƙafa, a sayar da na biye da shi. Bayan shekara guda a yi musayarsa da na wani gida mai lafiyayyun kaji, don kada ya riƙa bin 'ya'yansa jini ya yi rauni. Ɗan kuɗin da aka rasa a cinikin yau zai dawo a 'yan tsakin baɗi.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. Sai mun ga takardunku.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta